Mai Neman Duhu a Kasuwar Kyle

A kasuwar gwanjo ta garin Kyle, tsohuwa Arvella tana zaune bayan tulin bargunanta, tana kallon wani baƙo. Dogo ne, kitsonsa biyu sun fara furfura, bayan hannunsa duk tabon tartsatsi. Ba ruwansa da launi ko laushi. Sai ya ɗauki bargo ya lulluɓe kansa, ya fuskanci rana, ya tsaya ƙiƙam kamar turke.

Ta ce, "Kai ɗan nan, in ɓuya kake wa matarka, ga ƙafafunka a waje."

Daga cikin bargon ya amsa, "Kaka, wannan naki har taurari gare shi, haske na shigowa ta ƙananan huji."

Arvella ta gane. Bukkar gumi zai rufe, inda ake zuba ruwa kan jajayen duwatsu a yi addu'a, ba a son haske ko na tsinin allura. Mai tantance barguna haka, akwai wanda yake so ya shiga ya yi kukansa ba a gani ba. Ko ƙane ne da ya dawo daga yaƙi ya daina magana? Ba ta tambaya ba.

Kowane bargo na tulin yana yoyon haske. Ta miƙe a hankali, ta zaro tsohon da take zaune a kai, ta ba shi.

Ya lulluɓa, ya daɗe a ciki.

"Me ka gani?"

"Ba komai, Kaka."

"To, tafi da shi. In addu'a ta zo kan dangi, a tuna da gwiwoyina."