Gefena Direba Ya Zaɓa

Ana idar da sallar asuba muka bar Tamale, ni da yayata, ƙanin mijinta yana tuƙi. Bayan motar cike da tangaran ɗin da ta shekara uku tana tara wa 'yarta, wadda za a aurar a Zongon Kumasi.

Hanya ta yi daɗi. A Kintampo muka ci soyayyiyar doya da yaji har hawaye, yayata kuwa kowane rami sai ta ce, "A hankali, kayan amarya!"

Muna shiga kasuwar Kejetia a Kumasi wata kayayo, cikin matan nan masu dako, ta zame gaban motar da goyo a bayanta. Direba ya murɗe sitiyari, muka afka gota, wato kwatar bakin titi, ta gefen da nake zaune. Goshina ya kumbura, tangaran ya tarwatse. Matar ta miƙe lafiya lau, ita da ɗanta. Yayata ta rungume ta tana kuka, ban sani ba ko na murna ne ko na faranti.

A Suame, unguwar makanikai, mastan da ke gyaran motar ya nuna mana bidiyon mota mai tuƙa kanta a wayarsa.

"Hajiya, wannan ba ya firgita. Tun a kamfani an koya mishi wa zai bari, wa zai buga."

Na ce, "To da ni da kayayo, wa za ta zaɓa?"

"Ei, Hajiya! Wanda ya saye shi mana."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Da irin wannan motar muka hau, da goshina lafiya, da wata uwa tana kwance a titi.

Labari ya riga mu isa Zongo. Kafin la'asar mata suna ta shigowa, wannan da faranti, waccan da kwano. Ɗakin amarya ya cika, ba biyu masu kama da juna, aka yi biki har ƙafa ta gaji.

Mun dawo Tamale lafiya. Abin da na koya, gara a jefa ni gota da hannun mutumin da zan iya yi wa faɗa in kuma yafe masa. Na yi masa faɗan, na yafe. Amma a dawowa bayan kujerarsa na zauna.