Maƙwabcina Mai Tsaron Tasha ta Biyu

Ina da shekara hamsin da biyu na fara buga besbol, da tumbina na direban bas. Ni ban nemi wasan ba, shi ya tare ni a kan matakalar bene.

A Tottenham muke zaune, a flat ɗin council, wato gidan haya na hukumar gari, hawa na uku. A ƙasanmu akwai wani dattijo ɗan Venezuela, gajere mai gwame, wanda ya biyo 'yarsa da ke aikin jinya a London. Wata rana ina hawa da ledar cefane, sai gindinta ya fashe, lemo ɗaya ya gangara yana tsalle. Dattijon yana ƙasa. Ya ɗan rusuna, ya cafe shi da hagu, ya wurgo mini. Lemon ya daki ƙirjina, ya sake gangarawa. Ya sake cafewa. A karo na uku ya hawo da kansa ya damƙa mini.

Ya ce, "Hannayenka sun lalace, amma ana gyarawa. Asabar, ƙarfe goma, filin bayan makaranta."

Da na gaya wa matata, sai ta ce, "Je ka mana, Baban yara. Dama likita ya ce ka riƙa motsa jiki."

Haka na tsinci kaina cikin mutum goma sha ɗaya, kowa da safar fata mai faɗi kamar faifai a hannu ɗaya. Wasan ba wuya a baki: ka doki ƙwallo da kulki, ka ruga ka zagaya wurare uku, ka dawo gida kafin masu tsaro su riga ka da ƙwallon. Ni tasha nake kiran wuraren nan, har sauran suka ɗauka. Cikinmu akwai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi mai shagon atamfa, wadda ta zo a kan zaton ajin motsa jiki ne na council. Da ta gane ba shi ba ne, ta riga ta sayi takalmi, sai ta zauna.

Labarin dattijon, wanda muke kira Koci, a kan benci muka riƙa jinsa, guntu-guntu. Yana ɗan sha bakwai ya bar gida. Shekara goma sha uku da wasan yake ci, a ƙananan ƙungiyoyin Amurka, daga wannan gari zuwa wancan a cikin bas. Aikinsa tsaron cikin fili, kusa da tasha ta biyu, inda ƙwallo ke zuwa tana dukan ƙasa kamar an harbo ta. Ya nuna mana yatsunsa, babu guda biyu da suke kallon waje ɗaya.

Sau ɗaya babbar ƙungiya ta kira shi, ya yi kwana tara. Takwas a kan benci ya yi su, yana taunar 'ya'yan wani fure masu kama da agushi yana tofar da ɓawo. A rana ta tara aka sa shi dab da tashi.

Na ce, "Ƙwallo nawa ka kama, Koci?"

"Ko ɗaya ba ta zo wajena ba."

"Ko ɗaya?"

"Amma na yi tsayuwa mai kyau. Uwata ta gani a talabijin."

Daga baya gwiwa ta ƙi, sai ya koma koyarwa. Shekara da shekaru yana tsaye gefen tasha ta uku yana ba 'yan wasa umarni da alama, don kada abokan gaba su gane. Mu ma ya koya mana: in ya taɓa kunne, ka tsaya inda kake, in ya taɓa hanci, ka ruga tasha ta gaba.

Wasanmu na farko da wasu matasa ma'aikatan ofis ne, masu riga iri ɗaya. Mu kuwa kowa da abin da ya samu, ni da wandon da nake fenti da shi. Lokacin furanni ne, kuma ashe Koci yana cikin masu fama da murar da furanni ke jawowa. Cikin ikon Allah mai jefo mini ƙwallo ya yi kuskure huɗu, aka ba ni tasha ta ɗaya kyauta. Hajiya tana ta biyu. Na ɗaga kai, na ga Koci ya kama hanci yana murzawa da ƙarfi.

Na ce a raina, wannan ba ƙaramin gudu yake nufi ba. Na zura. Rabona da irin gudun nan tun ina makarantar kwana a Jos. Na iso tasha ta biyu numfashi kamar zai fita, na tarar da Hajiya tsaye tana gyara ɗankwali.

Na ce, "Sannu, Hajiya."

"Yauwa, direba. Ina za ka?"

"Nan. Ke ce za ki matsa gaba. Ba ki ga hanci ba?"

"Mutum yana majina, kai ka ce hanci. Ni ba na gudu don majina."

Yaron da ke tsaron tashar ya karɓi ƙwallo, ya tsaya yana kallonmu, bai san wa zai taɓa ba. Ya taɓa ni, ya taɓa Hajiya, ya ba ta haƙuri. Alƙali ya ce ni ne na fita. Koci yana ta ihu da yarensu, atishawa tana katse shi.

Gudun nan ya tsinka mini jijiyar cinya, ga shi biyu daga cikinmu sun tafi aiki. Ba mu cika mutum taran da wasan ke buƙata ba. Koci ya dubi fili, ya dubi safata, ya zare ta daga hannuna, ya shiga fili a madadina. Yana da shekara sittin da takwas a lokacin.

Ba a daɗe ba wani ƙato ya sharara ƙwallo ta ƙasa. Na ga dattijon ya yi taku biyu, ya shimfiɗe a kan ciyawa, ƙwallon ta shige safa, ya jefa ta tasha ta ɗaya yana durƙushe. Har abokan gaba suka tafa. Sai dai tashi ya gagara. Mu huɗu muka ɗago shi, har da ni mai ɗingishi.

Ya ce, "Ya fita?"

Muka ce, "Ya fita, Koci."

"To, ku ajiye ni a hankali."

An cinye mu cin da ban so in faɗi adadinsa. Da muka kai shi gida, 'yarsa ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kawu, har da kai?" Ta ƙwace safar, ta ce shi da shiga fili har abada. Tun daga nan a kujerar naɗewa yake koyar da mu, da hankici a cinya, kuma alamar gudu ta koma tafi biyu.

Shekara huɗu ke nan ina zuwa kowace Asabar. Sau ɗaya muka taɓa yin nasara, ranar da aka yi cancel ɗin jirgin abokan karawarmu, ba su iso ba. Hajiya ta ce nasara nasara ce, ta dafa mana wake da shinkafa.