Keken Ɗinki a Ofishin Dillali

Ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Laraba, mu huɗu ne a zauren umda, wato mai unguwarmu a Madina: shi umdan, da ni, da dattawa biyu da na kawo su yi mini shaida. Na manta abubuwa da yawa na waɗannan shekaru, har fuskokin wasu da na yi ciniki da su, amma wannan safiya ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Ni dillalin gidaje ne, ɗan dillali. Kakana ya zo aikin hajji a ƙasa daga ƙasar Hausa, ya ga Madina, bai koma ba. Mahaifina ya yi sana'ar nan da baki da amana kawai, babu takarda. A zamanina ne, cikin shekarun saba'in, aka ce kowane dillali sai ya kama shago ya karɓi lasisi, abin da muke kira ruksa a nan, daga baladiyya, wato hukumar gari. Na kama shago a lungunmu, kusa da Harami, wato Masallacin Annabi, inda muke jin kiran sallah kamar a tsakar gida. Da aka nemi shaidu biyu, ban je da nisa ba. A damana akwai Baba tela, a haguna akwai Baba mai tsire. Su suka tsaya mini na samu lasisin farko.

Waɗannan dattawa abokan mahaifina ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ranar da ba su yi faɗa ba. Da la'asar Baba mai tsire zai hura gawayi, hayaƙi ya ratsa ta gaban shagona ya shiga wurin tela. Sai ka ji keken ɗinki ya tsaya.

"Kai mai hayaƙi! Wannan farin yadi na mutane ne. So kake mai shi ya je Juma'a yana ƙamshin ƙuli-ƙuli?"

"Gara ya yi ƙamshin ƙuli-ƙuli da ya sa rigar da ka ɗinka, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

Haka suke har magariba, sannan su kama hannun juna su tafi masallaci. Ni kuwa a tsakiya nake, ina fama da masu neman haya, ina jin haushin hayaniyarsu. Da na san abin da ke tafe, da na ajiye aikin na saurare su da kyau.

Cikin shekarun tamanin aikin faɗaɗa Masallacin Annabi ya iso unguwarmu. Ba wanda ya yi jayayya, don ba a jayayya da wurin sallah. Aka biya kowa diyya, aka ce a tashi. Yawancin mutanen lungun ni na sama wa gidaje, kowa daidai da ƙarfinsa da abin da iyalinsa suka zaɓa. 'Ya'yan Baba tela suka ce Jurf suke so, akwai fili da iska. 'Ya'yan Baba mai tsire suka ce Ƙurban, kusa da masallacin Kuba. Ɗaya arewa da gari, ɗaya kudu. Ni ma a Ƙurban na samu sabon shago, ƙetaren titi kaɗan da inda Baba mai tsire ya kafa tukubarsa.

Sai lokacin sabunta lasisina ya zo, kuma wannan karon da sauyin wuri. Ma'aikacin baladiyya ya bayyana mini tsarin. Na farko, takardar hayar sabon shago. Na biyu, hatimin umdan tsohuwar unguwa. Na uku, kafin umda ya buga hatimin, sai dattawa biyu na unguwar sun tsaya a gabansa sun ce na tashi lafiya, ban bar kowa da ƙorafi a kaina ba. Laraba ce ranar aiki ta ƙarshe a makon, don a lokacin Alhamis da Juma'a hutu ne a nan, kuma a makon lasisin zai mutu. In ya mutu, rufe shago zan yi in sake nema daga tushe, a daidai lokacin da rabin gari ke neman gida. Ga mahaifiyata a hannuna, ga iyali.

Da sassafe na ɗauki Baba mai tsire a motata muka nufi Jurf. Muka tarar da Baba tela zaune a ƙofar sabon gida, shi kaɗai, titi fayau babu kowa. Ya rame. Wata da watanni ba su ga juna ba, amma ko gaisawa ba su gama ba, Baba tela na shiga mota ya ce, "Buɗe gilashi, ɗan nan. Motarka ta riga ta ɗauki warinsa."

"Wa ya ɗinka maka wannan rigar?" in ji Baba mai tsire. "Ta yi kyau. Na tabbata ba kai ba ne."

Na yi ta tuƙi ina duba agogo, su kuwa suna ta yi. Amma da muka kusa tsohuwar unguwa sai suka bar faɗan suna leƙen waje. Lungunmu babu shi. Ƙasa ce a baje da tarin duwatsu, manyan motoci suna kwasa. Gidajen da suka rage a gefe ba su da yawa, an cire musu tagogin katako, kuma a ɗaya daga cikinsu umda yake zaune yana ƙarasa takardun mutane.

Umda dattijo ne da ya tashi a cikinmu, yana jin Hausa yana gauraya ta da Larabci. Ya ba mu shayi, ya shimfiɗa takardata, ya ɗauko hatimi. Ya tambayi Baba mai tsire ko yana da ƙorafi a kaina. Ya ce ba shi da shi, ɗan halal ne kamar ubansa. Umda ya juya ga Baba tela.

"Kai fa, ya ammi?" Wato baffana, da Larabci.

"Ina da shi."

Umda ya ajiye hatimin. Ni ma na ajiye kofina. Na ce, "Baba, wannan ba wurin wasa ba ne."

"Ka ga ina dariya?"

Umda ya gyara zama. Ya tambaye shi ko na cuce shi a ciniki. Ya ce a'a. Ko gidan yana da aibin da na ɓoye? A'a, gida lafiyayye, har da famfo a kowane ɗaki. Ko maƙwabtan banza ne? Ya ce bai sani ba, don bai taɓa ganinsu ba sai a cikin mota.

"Ɗayyib. To mene ne ƙorafin?"

Baba tela ya dubi kofin hannunsa. Sannan ya ce, "Babu hayaƙi."

Ya ɗago kai ya ci gaba.

"La'asar takan yi, in zauna a gaban keke, in jira. Iska tsaf, ba abin da ke shigowa. Ba wanda zan ce wa kai. Sai in rufe keken in koma ciki. Yau wata nawa ban ɗinka ko hula ba. Uban yaron nan in zai sa mutum a gida, sai ya tambaye shi da wa ya saba. Shi kuwa ya tambayi 'ya'yana ɗaki nawa suke so. An ce in faɗi gaskiya a gaban hukuma, na faɗa."

Na dubi Baba mai tsire ko zai taimake ni. Sai na ga ya juya fuska ga bango yana goge ido da gefen rawaninsa. Ya ce, "Ƙurar wurin nan ta yi yawa." Can kuma ya ƙara, a hankali, "Ni ma nama sai ya yi ta ƙonewa. Da ƙarar kekensa nake sanin lokacin juyawa."

Umda ya ce mini shi ba zai buga hatimi a kan ƙorafi ba, ko da na hayaƙi ne. In na iya warware shi kafin azahar, to. Baba tela ya ce abu ne mai sauƙi, in rantse zan sama musu gidaje bango da bango kamar da.

Ni mutum ne da ba na rantsuwa a kan abin da ba ya hannuna. Gidajen nan an saya, 'ya'ya da jikoki sun tare, babu mai tashi. Na faɗa masa haka, ina sane da cewa lasisina ke tafiya. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da shan shayi. Na zauna ina lissafa abin da nake da iko a kansa, ɗaya bayan ɗaya. Gida ba nawa ba ne. Unguwa ta tafi. Abin da ya rage mini shago ne da mota.

Na ce, "Baba, ga abin da zan iya. Sabon shagona yana da kusurwa ta bakin ƙofa, tana kallon tukubarsa. A kawo kekenka a ajiye a nan. Kullum da safe in zo Jurf in ɗauke ka, bayan isha'i in mayar da kai. Wannan zan iya rantsewa a kansa."

Ya dube ni da kyau. "Iska ta wane gefe take kaɗawa a can?"

"Daga wurinsa zuwa wurinka."

"Halas, shi ke nan," ya ce wa umda. "Buga masa. Na janye."

Umda ya buga hatimin yana dariya, amma da ya miƙo mini takardar sai ya ce, "Ni kuma wa zai zo ya ɗauke ni?" Na kai takardun baladiyya kafin a tashi, lasisi ya fito.

Na cika alkawari. Shekaru muka yi a haka, ina zuwa Jurf ina dawowa, faɗa ya dawo sabo, sai dai yanzu ta ƙetaren titi ake yinsa da ɗaga murya. Masu neman gida sukan shigo su ga tela a ofishin dillali su yi zaton sun ɓata hanya. Baba tela ne ya fara rasuwa. Bayan an kai shi, Baba mai tsire ya hura gawayi kwana kaɗan, sannan ya bar wa ɗansa tukubar, bai daɗe ba shi ma ya bi shi. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a maƙwabtaka mafi kyau.

Keken yana nan a kusurwarsa. Duk lokacin da aka zo duba shago don sabunta lasisi, sai ma'aikaci ya tambaye ni me keken ɗinki yake yi a nan, in ce masa na shaidana ne. Inda lungunmu yake kuwa yanzu farfajiyar Harami ce, shimfiɗe da farin dutse. Na san daidai wurin da shagona ya tsaya. Nakan yi sallah a nan, in na sallame dama in tuna tela, in na sallame hagu in tuna mai tsire, wani lokaci har in ji kamar hayaƙi zai ratso.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mutum ba a cikin ɗaki kawai yake zaune ba, a cikin mutanensa yake zaune. Tun daga ranar ban ƙara sa kowa a gida ba sai na tambaye shi da wa ya saba, kafin in tambaye shi ɗaki nawa. Kai mai karatu, ga roƙona gare ka. In akwai tsoho a gidanku da kuka ɗauko daga tsohuwar unguwa, kada ka tambaye shi ko gidan ya yi masa, zai ce ya yi. Tambaye shi da wa yake faɗa a da. In mutumin yana da rai, tayar da mota ka kai shi a makon nan.