Ludayin Farko

Ranar wata Laraba a damanar 1994 na dawo daga lakwal, makarantar boko, da gudu, cikina na kuka, na tarar da Kaka ta tsoma ludayi a tukunya ta ɗebo tsokar kifin tabki mai tururi. Na miƙa hannu kamar kullum, sai ta wuce ni ta juye a kasko gaban Kyalla, tsohuwar kyanwarta. Ludayin farko nawa ne tun ina rarrafe, ni da take kira maigidanta, ga shi yau an ba mai wutsiya.

Kyalla ta daɗe tana ramewa. Ta wuni bakin randa tana shan ruwa, fitsari kuwa ko'ina, gashinta ya yamutse. Da likitan dabbobi ya zo yi wa awakinmu allura, Kaka ta matsa masa sai da ya latsa cikin kyanwar, ya ce ƙodarta ce ta gaji, ba ta warkewa, sai dai lallaɓawa. Ya hana gishiri da busasshen kifi da ƙashi, ya ce a ba ta tsoka kaɗan da shinkafa mai laushi, kada ruwa ya yanke mata. Tun daga nan Kaka ke ɗebe wa Kyalla rabonta kafin gishiri da daddawa su shiga tukunya.

Na yi kishi, kishi mai cin rai. Ni ke janyo ruwan da ake cika mata ƙore, ni ke share inda ta ɓata, ita ke kwance a cinyar Kaka ana shafa ta. Na daina zuwa langa, na zauna ina hararar kasko. Kaka ta lura, ta ce, "Maigida, mi ya yi zahi? Da mussa kake gaba?"

Bayan girbin gero Kyalla ta mutu. Washegari hannun Kaka ya ɗebo ludayin kamar yadda ya saba, ta tsaya da shi tana duban inda kaskon yake, sannan ta miƙo mini. Na kai baki, salam, ba daɗi ko kaɗan. Ashe wannan na yi ta hanƙoro a kai. Na ga idonta ya ciko, na cinye tas.

Yanzu a Maraɗi har abincin kyanwa na gwangwani ake sayarwa, ni kuma ina cin kifi duk ranar da na so. Amma ba mai ɗebe mini komai kafin a sa gishiri.