Giginyar Atika Mai Muruci

Atika mai muruci ba ta da kowa a Mabera sai giginyoyinta biyu, mace da namiji. Mijinta ya rasu, ɗanta Yari ya shiga soja aka tura shi kudu, ko gaisuwa ba ya aikowa. Macen giginyar ce ta riƙe ta. 'Ya'ya su faɗo, Atika ta binne ƙwallayen a rami, su yi tsiro, ta tono ta dafa, ta kai bakin makaranta. Da murucin nan take ci, kuma saboda shi ne ake gaishe ta.

Sai kuɗin mai suka shigo gari. Ƙauye ya kwaso kaya ya dawo birni, kowa na son ɗaki, kowane ɗaki na son azara. Masu gatari suka bi fadama suka yi wa giginyoyi ƙarƙaf. Wani Dodo mai sayar da azara ya yi ta sintiri ƙofarta. Macen dai, ta ce ko zai kwana nan ba zai samu ba. Namijin kuwa, da bai taɓa jefo mata ko ɗa ɗaya ba, ta ce ya sare ragon banza ya ba ta wuri. Ai kuwa Dodo bai bari ta sake shawara ba.

Shekara ta zagayo, giginya ta yi fure, furen ya bushe ya zube. Atika ta ce fari ne. Ta yi ta jido ruwa, ta zuba taki, har rubutu ta karɓo ta kwarara a gindin, wai ko baki ne. Shiru kake ji. Ba muruci, ba dalilin fita. Wallahi kaɗaici ya ci ta, sai ta wuni ba wanda ya kira sunanta.

Ran nan wani tsohon manomi, Arzika, ya ratso ya roƙi ruwan sha. Ya ɗaga kai ya dubi giginyar.

"Baiwar Allah, ina namijin?"

Ta ce ta sayar. Ya tambaya ko akwai wani kusa. Suka duba gabas da yamma, ba komai sai rufin kwano.

"To wagga ba ta ƙara haihuwa ita ɗai. Sai ki shuka wani."

Atika ta dubi ramin da take binne ƙwallaye. Ƙwallon ƙarshe tun bara ta dafa tsironsa, yaran makaranta sun cinye.