Madarar Wanke Ƙirji

Shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula, Abuja ta cika da takarda. Kowa na neman aiki ko kwangila, kuma kowa sai ya yi fotokwafi. Ni da maigidana muna da ɗan shago a Nyanya, kusa da tasha. Ni ce a gaba wajen inji, shi kuma yana ƙuryar baya yana cika katirij, wato ma'ajiyar tawadar injin, da tona, baƙar hodar nan da injin ke rubutu da ita. Har daga Maitama direbobi ke kawo masa aiki, don ya iya.

Sai ya kwance katirij, ya kai baki ya hure tsohuwar hodar, ta tashi ta sauka a gemunsa da girarsa. In ya fito nakan yi masa sannu da zuwa daga kasuwar gawayi. Ba ya ramawa, dariya kawai yake yi.

Duk masu wannan sana'a a layinmu sun yarda cewa madarar gwangwani na wanke ƙirji. Saboda haka kullum bayan la'asar nakan tsallaka wajen mai shayi in sayo, in huda gwangwanin da ƙusa, ya kafa kai ya shanye muna zaune a benci muna kallon cunkoson motoci. Ina son wannan lokacin ƙwarai, kuma ni a ganina magani nake ba mijina.

Sai tari ya zo ya ƙi tafiya, majinarsa baƙa. Na ƙara madara ta koma safe da yamma. Ranar da ya kasa haye gadar masu tafiya a ƙasa sai da ya dafa ƙarfe yana haki, ban saurari musunsa ba, na ja shi asibiti.

Likitar, wata 'yar Filato, ta duba hoton ƙirjinsa ta tambayi sana'arsa. Da na kawo zancen madara, har da ɗan alfahari, sai ta ajiye biro.

"Madam, madara ciki yake zuwa," in ji ta. "Wannan powder huhu yake zuwa. Hanya ba ɗaya ba."

Ta ce ƙwayoyin hodar sun fi ƙarfin ido, suna shiga can ƙasan huhu inda tari ba ya iya fito da su, jiki ya yi ta faɗa da su har wurin ya kumbura. Abin da ya lalace ba lallai ya dawo ba, amma in ya daina shaƙa, sauran zai ishe shi rayuwa.

A mota ya fara lissafin kwastomomin da zai rasa. Raina ya ɓaci, na ce masa ni mutum na aura, ba katirij ba. Da muka isa na garƙame ƙuryar da kwaɗo, na ɗaure makullin a bakin zanina. Ya yi kwanaki yana cika yana batsewa, daga baya ya koma ɗinkin littattafai a gaban shago, inda iska ke kaɗawa.

Alhamdu lillahi, tarin ya lafa, yaranmu sun girma a gabansa. Madarar la'asar ma ba mu fasa ba, yanzu cewa yake ta ciki ce. Sai dai har yau in mun hau gadar nan, yakan tsaya a tsakiya ya ce bari ya ga yadda motoci suka yi yawa. Ni ma sai in dafa ƙarfen in taya shi kallo, har numfashinsa ya dawo.