Ƙashin da Baba Almu Ya Binne a Dorset

Baba Almu direba ne a wani garejin motocin haya da ke bayan Old Kent Road, kuma tunda na san shi a shekarar 1975 ban taɓa ganinsa a huce ba. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Kumo. Wani Baturen auduga da yake tuƙawa a Gombe ne ya taho da shi London, bayan shekara biyu Baturen ya mutu, shi kuma ya maƙale. Shekara goma sha huɗu ke nan bai taka gida ba. Ɗakinsa a saman garejin yake, kuma ɗakin da aikin a haɗe suke, in ya saki ɗaya ya saki duka.

A lokacin kuɗin mai sun buɗe wa mutanenmu ido. Da zarar zafin Turawa ya shigo sai jirage su yi ta juye su, manyan ma'aikata da 'yan kwangila da iyalansu, kowa kuma Baba Almu yake so saboda yana jin Hausa. Ya wuni a Oxford Street yana gadin mota, yana cicciɓar akwatuna da labule da rediyo. Wasunsu ya san su tun suna yawo ba wando, yanzu su hakimce a baya su ce masa "direba". Abin ya fi ƙona min rai fiye da shi. A gida kuwa kallon kitse ake yi wa rogo, ana cewa Almu na London.

Ni ɗalibi ne a Bloomsbury. Gwamnatin jiha ta turo ni karatun duwatsu, wai in koma in tono mata mai. Muna haɗuwa ranar Juma'a bayan an sauko, in karanta masa wasiƙun gida, don shi ajami ya iya, ƙaninsa kuma da boko yake sa a rubuto.

Wasiƙar watan Mayu ita ta hana shi sukuni. Kwazazzabon bayan gari ya cinye gonaki biyu, ya doshi maƙabarta. Tsakanin bakin ramin da kabarin mahaifiyarsu Hansai bai fi taku ashirin ba. Liman ya ba da dama kowa ya tashi nasa ya mai da shi tudu, amma ƙanin ya ce ba zai taɓa kabarin ba sai babban ɗa ya zo. Baba Almu yana London ta rasu, bai ga gawarta ba, bai taɓa tsayawa a kan kabarinta ba. Ya nemi hutu, mai garejin ya ce duk wanda ya tafi a Yuni kada ya dawo.

Ya ce min, "Bari summer ta wuce, Nata'ala. Satumba zan yi booking."

Na ce, "Baba, damina fa ba za ta jira ka ba."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

A cikin Yunin nan malaminmu ya ce kowa ya je gaɓar tekun Dorset ya samo abin da zai yi rubutu a kai. Ina ba Baba Almu labari, na ce wuri ne da ƙasa ke zaftarewa tana fito da ƙasusuwan dainoso, waɗansu manyan dabbobi masu zubin ƙadangare da suka ƙare tun ba a yi mutum ba. Sai ya ce shi zai kai ni. Lahadi ɗaya tal yake da ita a watan, na ce ya kwanta ya huta. Ya ce a'a, so yake ya ga yadda ƙasar take yi.

Muka tashi da safe a wata tsohuwar motar da garejin ya daina ba baƙi. Tafiyar ta ci mana awa biyar da wani abu. Kamar duk Ingila bakin teku ta nufa ranar, mota bayan mota, kowacce da yara da kare. Sau biyu injin ya tafasa muka tsaya roƙon ruwa. Muka karya da burodi da kifin gwangwani a gefen titi. Baba Almu yana tuƙi yana hamma, ni ina fama da taswira ina ɓatar da mu, bai ko yi min faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi.

Wajen azahar muka isa Charmouth. Wurin ba kyan gani. Tuddai ne na baƙin taɓo, tsirara, duk sun tsattsage, nan ya zame, can ya rufta, ruwa ya yanka kwaruruka har zuwa bakin teku. Turawa sun bazu a gindinsu, kowa a sunkuye da 'yar gudumarsa. Baba Almu ya daɗe a tsaye yana kallon wani shinge da ke reto a can sama, ƙasar da aka kafa shi a kai ta riga ta tafi.

Ya ce, "Haka namu yake. Sai dai namu ja ne."

Ya tambayi wata tsohuwa da ke tsince-tsince kusa da mu ko taku nawa ƙasar ke ci a shekara. Ta ce ba ta da ƙa'ida, wata shekarar ko taɓawa ba ta yi, bara kuwa ruwan kwana biyu ya tafi da hanya sukutum. Ya yi mata godiya ya koma gefe ya zauna.

Awa uku ina sunkuye, bayana kamar zai karye, kafin Allah Ya ba ni. Gaɓoɓin ƙashin baya ne guda uku a manne, kowanne kamar waina, baƙi wuluk, da nauyin dutse. Ɗalibi yakan zo sau goma bai sami irinsa ba. Na miƙa wa Baba Almu ya riƙe min, na koma in auna inda ya fito in rubuta.

Da na dawo ban gan shi a inda na bar shi ba. Can na hango shi a wani ɗan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, a durƙushe, ƙarfen kwance taya a gefensa. Ya haƙa rami, ya mai da ƙasa, ya jera duwatsu a kai. Farin hankicinsa ma babu, da shi ya naɗe abin.

Na ce, "Baba, ina ƙashin da na ba ka?"

"Na mai da shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Wannan fa ba na mutum ba ne. Na dabba ne, ya fi shekara miliyan ɗari. Project ɗina ke nan ka binne."

Ya ce, "Na ji ka faɗa tun a mota. Amma mu a garinmu, in ruwa ya tono ƙashi ba a tsayawa tambayar na wane ne. Wanda ya gani shi zai rufe." Ya kakkaɓe taɓon gwiwarsa, bai dube ni ba. "In wani ya tsinci na Inna a cikin rafi, me kake so ya yi da shi? Ya sa a jaka?"

Ramin bai kai kamu ɗaya ba, da hannu ma zan iya tone shi. Na tsaya ina huci, na kasa. Na tattara 'yan dodon-koɗin da suka zama dutse, irin waɗanda kowane yaro ke tsinta a wurin, muka kama hanya. A kansu na yi rubutun, na sha da ƙyar.

A hanyar dawowa Baba Almu ya tsaya a gefen titi ya kifa kai a kan sitiyari na minti ashirin, rana ba ta ma faɗi ba. Ina kallon ƙeyarsa, na tabbata gobe zai ajiye musu makulli ya nemi jirgi. Washegari ƙarfe bakwai yana filin jirgin sama, riƙe da kwali mai sunan wani ɗan kwangila.

Wasiƙa ta gaba ta zo a ƙarshen Agusta. A tsaye na karanta masa a bakin titi. An yi ruwa kwana uku a jere, rabin maƙabartar ya gangara, har da kabarin Hansai. Maza sun shiga kwazazzabon da kwanduna sun tsinto abin da suka samu, aka haɗa a likkafani ɗaya, aka rufe a kabari ɗaya. Ya ce in sake karantawa, na sake. Ya yi salati a hankali, ya duba agogo, ya ce akwai wani Alhaji da ke jiransa a Aldwych ƙarfe uku.

Da Satumba ta kama, baƙi suka ragu, mai garejin da kansa ya ce yanzu yana iya ɗaukar wata guda. Na ce masa, "Baba, mu je in raka ka ka yi booking ɗin."

Ya girgiza kai. Ya ce, "In je in tsaya a kan wa?"